Motocin da Suka Juya

Yayana ya yi shekara talatin da ɗaya yana ƙirga motoci. Ba ya wanke su, ba ya gyara su, ko tuƙi bai iya ba. Ƙirgawa kawai. In na faɗa wa mutane haka sai su yi dariya su ce, dama akwai aiki irin wannan? Akwai mana, kuma gwamnati ce ta ɗauke shi. Kafin a amince a kashe dukiyar jama'a a kan wata hanya, sai ma'aikatar ayyuka ta tura mutum ya zauna a bakinta kwana bakwai, daga shida na safe zuwa shida na yamma, ya rubuta duk wani abu mai taya da ya wuce. Takardarsa ake kai wa kwamitin da ke zaɓen hanyoyin da za a yi. Wadda motocinta suka kai ɗari biyu a yini ta shiga layi. Wadda ba ta kai ba sai ta jira shekara biyar kafin a sake waiwayarta.

Kayan aikinsa ba su cika jaka ɗaya ba: kujera mai naɗewa, lema baƙa wadda rana ta mayar ruwan toka, allon katako da yake maƙala takarda, sai fensir uku. Ba ya shiri da biro, wai in rana ta yi zafi amai yake yi. In mota ta wuce ya ja layi ɗaya, in sun kai huɗu ta biyar ta gitta su. Ƙananan motoci da gurbinsu, bas da nata, manyan motoci da nasu, babur huɗu kuma a matsayin mota ɗaya. A ƙasan fom ɗin akwai wani ɗan fili da aka rubuta "abin da ka lura da shi". Abokan aikinsa a banza suke barin wurin. Yaya kuwa sai ya cika shi taf, har ya juya baya ya ci gaba.

A ofis Malam Ƙidaya suke ce masa, kuma yana amsawa ba tare da jin haushi ba. Matarsa takan ce in kana son magana da shi ka fara rufe taga, in ba haka ba rabin hankalinsa na titi. Ni ba na iya yi masa irin wannan tsiyar, domin shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya riƙa raka ni makaranta, shi ya tsaya har na yi aure. Ina ganin girmansa ƙwarai. Shi ya sa ma abin da ya faru ya yi mini zafi haka.

Garin da nake aure yana can ƙarshen wata hanya mai kilomita ashirin da shida daga mararraba. An taɓa yi mata kwalta tun kafin a haife ni, kuma har yanzu in ka duba da kyau za ka ga ɓurɓushinta nan da can. A tsakiya akwai kwalbatin da ya rufta, motoci ke sauka cikin rafi su haura. Maigidana yana da akori-kura, da ita yake kai kayan lambu birni. Inna, mahaifiyarmu, a wurina take, kuma ciwon ƙugu ya sa ta a gaba, dole duk wata a kai ta wurin likita. Mukan shimfiɗa katifa a bayan motar, ta kwanta, ni na zauna na rungume ta don kada ramuka su jefa ta. Awa uku muke yi. Ba ta kuka, amma ina jin yadda take cije haƙora a kafaɗata.

To ranar da labari ya iso cewa za a zo ƙirga hanyarmu, kuma Yaya ne aka turo, garin nan kamar an yi mana albishir da Aljanna. Mata suka riƙa shigowa suna yi mini murna. Mai shagon bakin kasuwa, wanda bai taɓa amsa gaisuwata da kyau ba, har fitowa ya yi ya ce, "Ashe Allah ya kawo mana namu." Ni ma na ɗauka an gama. Har na fara tunanin yadda Inna za ta zauna a kujerar gaba kamar kowa.

A gidana ya sauka. Kullum da sassafe maigidana ke kai shi mararraba, ya kafa lemarsa ɗan nesa kaɗan da inda hanyarmu ta rabu da babban titi. Ranar farko da ya dawo, ina zuba masa ruwa na ce, "Yaya, nawa aka samu?"

"Ba a faɗa."

"Ni ce fa."

"Ke ɗin ce ma ba za a faɗa wa ba."

Yana shiga wanka na buɗe jakar. Ba abin yabo ba ne, amma na yi. Ɗari da hamsin da ɗaya. Na tsaya da takardar a hannu har ya fito ya same ni.

"Yaya, hamsin ne fa kawai suka rage. Layi hamsin da fensir. Ko minti biyu ba za su ɗauke ka ba."

Ya karɓi takardar ya mayar jaka. "Ranar da na ƙara ɗaya, duk abin da na rubuta shekara talatin ya zama shirme."

"Shirmen ya fi ƙugun Inna?"

Ya shiga ɗakin Inna ya zauna yana matsa mata ƙafa, ni kuwa ina waje kamar na fashe.

Maigidana ne ya samo dabara, shi da shugaban direbobin garinmu. Dokar aikin ta ce duk wucewar mota a ja mata layi, ba ta ce sai baƙuwar mota ba. Daga rana ta biyu motoci uku suka shiga aiki: akori-kurarmu, da wata bas ta haya, da tifar mai yashi. Su wuce ta gaban Yaya, su sha kwana bayan wani tudu, su dawo. Don kada abin ya yi muni sai suka riƙa sauya kama. Yanzu ka ga akori-kura da tampol, an jima babu, an jima an loda mata kwanduna ba kowa a ciki. Maigidana har hula uku ya tafi da su. Allah na tuba, mutumin da ya kwana a gidanka, ya san ƙarar motarka kamar muryarka, shi za ka yi wa sauyin hula? Amma duk wucewa Yaya ya ja layi.

Ranar ƙarshe na sake leƙa jakar, na ga an haura ɗari biyu da goma. Na ji kunyar abin da na faɗa masa, na cika masa jaka da tsaraba, mutanen gari suka raka shi mota suna sa masa albarka. Na lura bai yi dariya ba, amma dama Yaya ba mai yawan fara'a ba ne.

Bayan wata biyu aka fitar da jerin hanyoyin da kwamiti ya amince da su. Tamu ba ta ciki. Maigidana da shugaban direbobi suka tafi ma'aikata neman ba'asi, wani akawu ya ji tausayinsu ya nuna musu kwafin takardar. A filin nan na ƙasa Yaya ya rubuta abu biyu da rubutunsa mai kama da jerin tururuwa. Na farko: cikin adadin kowace rana, kusan sittin motoci uku ne kawai ke kai da komo, ga lambobinsu. Na biyu, wanda ya ci har bayan takardar: kullum motoci hamsin da 'yan kai sukan karyo kan hanyar, direba ya tsaya ya tambaya ko tana biyuwa, in ya ji labarin kwalbatin ya juya tun kafin ya iso lemar Yaya, ya bi ta zagaye. Ya ce waɗannan motocin hanyar ne, lalacewarta ce ta kore su, don haka yana roƙon a haɗa da su.

Kwamiti ya karanta na farko ya cire sittin. Ya karanta na biyu bai ƙara ko ɗaya ba.

Washegari na shiga mota na tafi ofishinsa. Ɗaki ne mai tebur shida da fanka ɗaya da ba ta juyi, fayil-fayil jibge har saman kabad. Teburinsa ne a lungu kusa da ƙofar banɗaki. Ban ko gaishe da abokan aikinsa ba.

"Wa ya tambaye ka? Ka ja layinka ka yi shiru mana! Wa ya ce ka rubuta lambar motar mijina?"

"Zauna tukuna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Ya jawo durowa ya fito da takardu. Wasiƙa uku ya rubuta wa kwamitin, ga kwafinsu. Amsa ɗaya aka ba shi, layi biyu: fom ba shi da gurbin motar da ba ta bi hanya ba. Ya ce kwana uku ya yi a kan benci a ƙofar darakta yana neman a ba shi minti biyar ya yi bayani, sakatare ya ce matsayinsa bai kai na shiga zaman kwamiti ba.

"Na ɗauka in na faɗa musu gaskiyar duka, za su ɗauke ta duka," in ji shi. "Da na gaskiyar da waɗanda suka juya, mun haura ɗari biyu ba tare da hular kowa ba."

Ni a lokacin ba na jin komai. Na ce, "Sai ka ci gaba da rubuta wasiƙa, Inna kuma ta ƙarasa a bayan akori-kura." Yaya ya tattara takardunsa ya mayar durowa a hankali. Na juya na fita. Har yau in na tuna maganar nan sai na ji kamar na haɗiye harshena.

Daga baya, da zuciya ta ɗan sauka, na gane cewa mutanen kwamitin nan ba ɓarayi ba ne, kuma ba su tsane mu ba. An kafa dokar ɗari biyun ne saboda a da manya kan sa a shimfiɗa kwalta har ƙofar gonarsu, inda ba mai bi sai su da direbansu. Doka ce mai kyau. Sai dai wanda ya tsara ta bai taɓa tunanin hanyar da ta lalace har motoci suka guje ta ba, sannan a ce ba za a gyara ta ba saboda babu motoci. Na gane duk wannan, amma ganewa daban, huce fushi daban. Shekara ɗaya da rabi ban kira shi ba. In ya kira, sai na miƙa wa Inna wayar na fita tsakar gida. A gari kuma mutane suka daina ambatonsa a gabana, wanda ya fi zagi ciwo.

Damina biyu suka wuce, rafin ya ƙara cin hanya. Wata rana da muka dawo daga asibiti, Inna ta ce ta daina zuwa. Ta ce ciwon da take kaiwa bai kai wanda take dawowa da shi ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta juya fuska bango.

Ana cikin haka, wata ranar Litinin da hantsi ina shanya, na ga mutum ya shigo da katifa a ka da jaka a hannu, wandonsa duk laka har gwiwa. Motar da ta ɗauko shi ta maƙale a rafi, ya ƙaraso da ƙafa. Sai da ya sauke katifar na gane Yaya ne. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat.

"Yaya, lafiya? Ina za ka da kaya haka?"

"Na yi ritaya."

"Na ji. Gidanka fa?"

"Yana nan. Na kama ɗaki a bayan makaranta, matata za ta biyo ni in yara sun gama jarrabawa. Saura shekara uku da rabi a dawo ƙirga. Ni na rubuta takardar nan, ba zan zauna a bakin kwalta ku kuna nan ba. Yaushe ne ranar likitan Inna?"

"Ta ce ta daina zuwa."

"Ki faɗa mini ranar dai."

"Jibi."

Ban san abin da ya faɗa mata ba, amma ranar Laraba ta yarda aka ɗauko ta. Ya ce shi zai zauna a baya, ni na shiga gaba. Mutum mai shekara sittin, ya naɗe ƙafa ya rungume mahaifiyarsa. Muna haura rafin nan ya bubbuga rufin motar, maigidana ya taka birki. Yaya ya sauko da kyar, ya dafa taya ya yi amai. Na kawo masa ruwa ya kuskure baki. Gwiwar hannunsa ta gogi ƙarfen motar har jini ya fito.

"Haka kike yi duk wata?"

"Haka."

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu ke nan."

Sai ya ce, "Da na sani..."

Shekara ɗaya da rabi ina jiran wannan maganar, kuma da ta zo sai na ji ina tsoron ya ƙarasa ta.

"Da ka sani me, Yaya? Da ka ƙara?"

Ya goge bakinsa da bayan hannu. Idonsa ya cika da hawaye.

"A'a," ya ce. "Da na zo tun da wuri."

Ya miƙo mini kofin, ya kama ƙarfe ya koma bayan motar wurin Inna.