Dunoma Mai Faci da Sirdin Hamma

Dunoma ba haifaffen Gwiwa ba ne, ko da yake yanzu ba kowa ke tuna haka ba. Mahaifinsa Babarbare ne mai fataucin kanwa. Ya biyo hanya daga gabas ya yada zango a Kazaure, jakunansa suka mutu a wata shekarar fari, shi kuma bai koma ba. A nan Dunoma ya tashi, ya koyi gyaran keke wajen wani tsoho a bakin tasha. Da ya yi aure ya ga masu gyara sun yi yawa a gari, sai ya ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan keke ya nufo Gwiwa, ya kafa rumfa a gindin darbejiya kusa da kasuwa. Zuwan babura ya cinye rabin sana'ar daga baya, amma manomi da makiyayi ba su saki keke ba, don haka wuta ba ta taɓa mutuwa a gidansa ba.

Mutum ne mai kunya. Ba ya cin abinci a kasuwa, ba ya tuɓe riga komai zafi, kuma idan zai zaga sai ya yi nisa har ya ɓace wa ido. Mu da muke zama a bencin rumfarsa muna iya wuni ba mu ji ya yi maganar da ta wuce ta taya da sarƙa ba. Mutum ɗaya ne ke buɗe masa baki, wato Hamma, wani Bafulatani sa'ansa da ke zaune a ruga ta hanyar Roni, yana kiwo yana noma.

Kowa ya san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari. Wasa ne da aka gada, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa, kuma ba a fushi. Amma na waɗannan biyu ya fi na kowa gishiri. Duk ranar kasuwa Hamma zai iso a kan tsohon kekensa, tun daga nesa yana kiran bawan gidansu ya zo ya karɓi dokin sarki. Dunoma kuma zai ce a ba Fillo hanya kada iska ta ɗauke shi. Hamma ba ya barin abu ya faɗi ƙasa. Wata damina Dunoma ya zame ya faɗa kwata da sabuwar rigarsa, Hamma ya yi shekaru yana ba da labarin, kowane karo kwatar tana ƙara zurfi.

Da Dunoma ya haura sittin fitsari ya fara ba shi wahala. Bai gaya wa kowa ba. 'Yarsa Zulaikha, wadda ke aikin jinya a Kano, ita ta lura da ta zo hutun Sallah, ta ga buta ba ta hutawa a hannun mahaifinta. Ba magana ce da 'ya za ta yi da uba ba, sai ta turo mijinta Musaddiƙ. Shi ma ya sha kewaye-kewaye kafin ya kai ga zancen, yana kallon ƙasa. Da ƙyar suka raba Dunoma da rumfa suka kai shi Kano. Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka ɗan tsinko nama aka duba.

Likita ya yi masa bayani cewa akwai wani ɗan nama a ƙasan mafitsarar kowane namiji, wanda hanyar fitsari ke ratsawa, kuma a nan sankara ta kama shi. Ya ce ya gode wa Allah, domin ciwon yana nan inda ya tsiro, bai tsallaka ko'ina ba. Irin wannan ana iya yanka shi, ana kuma iya gasa shi da haske ba tare da an sa wuƙa ba. Akwai wani sabon gashi da ake saita hasken daidai kan ciwon, ta kusurwa daban-daban, da ƙarfi sosai, a gama cikin zama kaɗan maimakon makonni masu yawa. Sai dai na'urar tana can wani asibiti a kudu. 'Ya'ya da surukai suka haɗa ƙarfi, aka tafi.

Daga baya, da bakinsa ya buɗe, Dunoma ya ce gashin ba shi da zafi ko kaɗan. Ana sa shi ya sha ruwa ya riƙe fitsari, a kwantar da shi a kan wani siririn gado, a ce kada ya motsa, na'urar ta yi ta zagaya shi tana gunji a hankali. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne kwance zariya a gaban yaran da ya haifi kamarsu. Ranar sallama likitar wurin ta roƙe shi abu guda. Ta ce yawancin dattawa ba sa zuwa sai ciwon ya bar wurinsa ya shiga ƙashi, lokacin da wannan gashin ba zai raba su da shi ba, don haka idan ya koma ya gaya wa sa'anninsa. Dunoma ya ce to.

Da ya dawo Gwiwa, ido aka ce an je an duba masa. Ya zo da tabarau a fuska, wanda Musaddiƙ ya saya masa a hanya, sai zancen ya zauna. Hamma ya yi ta shela a kasuwa cewa Babarbare ya je har bakin teku ya sayo idanu, amma har yanzu ba ya gane ubangidansa. Dunoma ya yi dariya tare da mu. Ya ɗan sha wahalar fitsari na wani lokaci, sannan jiki ya koma daidai. Yana zuwa Kano gwajin jini, kowane karo ana cewa lafiya.

A kakar da ta biyo baya Hamma ya fara kuka da sirdin kekensa. Ya ce ya yi tauri, yana cin sa a zaune. Dunoma ya cire ya sa masa wani mai faɗi. Bayan ɗan lokaci Hamma ya dawo ya ce wannan ma ɗan'uwan wancan ne. Dunoma ya yanko soso ya naɗa, ya rufe da fata, ya ɗinke da hannunsa. Yana cikin ɗinkin Hamma ya ari buta ya zaga bayan katanga, ya daɗe, ya dawo, kafin a gama ya sake tashi. Dunoma bai ɗaga kai ba, amma allurar ta tsaya a hannunsa. Ya san wannan tafiya da wannan daɗewa. Mu ma da ke benci muna da idanu, sai dai ba mu san abin da ya sani ba.

Sau ɗaya ya gwada. Ranar kasuwa ce, benci cike da mutane, Hamma ya sake kawo keken.

Dunoma ya ce, "Fillo, wannan ba laifin sirdi ba ne. Ka je asibiti a duba ka."

Hamma ya juyo wajenmu. "Ku ji bawa yana aiken ubangidansa. Kai da ka je me ka samo ban da gilashi? Gyara mini abin hawa, malam, ka bar likitanci ga masu shi."

Aka yi dariya. A tsakaninsu duk abin da ya fito daga bakin ɗaya wasa ne a kunnen ɗayan, kuma haka suka yi shekara da shekaru. Hanya ɗaya ce maganar za ta yi nauyi, ita ce Dunoma ya ja shi gefe ya ce ni ma na yi, ga inda yake, ga abin da aka yi mini. Ya dubi Hamma, ya dubi benci. Mai yiwuwa kwatar nan ya tuna, da yadda labari ke girma a bakin abokinsa, da abin da maza ke raɗawa game da wanda aka taɓa masa wannan wuri. Ya sunkuya ya ɗaure noti.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Sirdin Hamma ya zama abin kallo, ya yi tudu kamar matashin kai saboda soso. Daga nan Hamma ya fara zuwa yana tura keken maimakon hawa, ya ce bayansa ke ciwo, huɗa ce ta yi masa yawa. Dunoma ya riƙa cewa a ransa sai kasuwa mai zuwa, idan mutane sun ragu. Mutane ba sa raguwa a rumfar mai faci. Sannan aka yi kasuwa babu Hamma, aka sake yin wata.

Da hantsi Dunoma ya rufe rumfa ya hau hanyar Roni. Ya tarar da Hamma kwance a kan tabarma a inuwar bukka, ya rame, matarsa Inno tana dama masa fura. Ya jira ta ba su wuri, sannan ya faɗi komai, tun daga butar har na'urar, yana kallon yatsun ƙafarsa. Hamma bai yi dariya ba. Ya ce to, a kira surukin nan na Dunoma.

Aka kai shi Kano. Hoton ya nuna ciwon ya riga ya shiga ƙashin baya da na ƙugu. Likita ya ce za a ba shi allurai da ƙwayoyi su rage masa gudu, za a iya gasa inda ya fi zafi don ya samu barci, amma irin gashin da aka yi wa Dunoma, mai raba mutum da ciwon, lokacinsa ya wuce. Bai faɗi tun yaushe ya wuce ba, kuma babu wanda ya tambaya.

Daga nan Dunoma ya mai da hanyar ruga tamkar hanyar masallaci. Yana zuwa da lemo da kankana, ya durƙusa ya ce sannu Malam Hamma, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Hamma ya jure wannan na ɗan lokaci, sannan wata rana ya ce idan gaisuwar surukai ya zo yi ya koma gida, shi bawansa yake nema. Dunoma ya sunkuya yana ɓare masa lemo.

Ashiru, ƙanen Hamma, yana wurin ranar, shi ya ba ni sauran labarin. Ya ce shanu sun fara dawowa lokacin da Hamma ya yi tambaya.

"Tun yaushe ka gane?"

"Tun sirdin da na naɗa wa soso."

Hamma ya lumshe ido yana lissafin da ba sai an faɗa ba. "Da ka gaya mini a lokacin, Babarbare, da na yi maka waƙa. Da har garin Babura sai an ji."

"Na sani."

"Amma da na je."

Ashiru ya ce ba da faɗa Hamma ya faɗe ta ba, kamar dai mai ba da labarin ruwan da aka yi jiya. Daga nan ya ce a juya shi, gefen ya gaji. Dunoma ya sa hannu biyu ya juya shi.

Hamma ya rasu bayan girbi. Kafin nan ya bar wasiyya a wurin Inno cewa cikin masu yi masa wanka a sa Dunoma. 'Yan'uwa suka yi mamaki, tunda ga dangi ga malamai, amma ba a musa wa mamaci. Dunoma ya shiga, ya riƙe buta, ya zuba ruwa inda aka ce ya zuba. Shi da ba ya iya tuɓe riga a gaban mutane, ya tsaya har aka gama, ya ga abin da ciwon ya bari na abokinsa.

Yana nan a rumfarsa, lafiyarsa ƙalau, gwajin jini bai sake nuna komai ba. Fulanin da ke kawo gyara har yanzu suna tsokanarsa kamar yadda aka saba, shi kuma sai ya ce musu sannu da zuwa. Na taɓa tambayarsa yadda ya ɗauki wasiyyar nan, ko yafiya ce. Ya daɗe yana murza tayar da ke hannunsa cikin ruwa yana neman inda take yoyo, sannan ya ce shi ma abin da yake tambayar kansa ke nan, kuma mai amsar ba ya nan.