Baba Kati a Kujerar Baya

Shekara ashirin da shida Baba Kati ya yi yana aiki a ɗakin karatu na wata kwaleji. Sunan ya samo shi ne daga akwatunan katin littattafai da yake kula da su tun yana sabon ma'aikaci. Mutum ne mai surutu. Kafin ɗalibi ya gama faɗin sunan littafi, ya riga ya miƙe yana cewa, "Bene, layi na huɗu, hannun hagu, mai jan bango." A gida ma haka yake. Matarsa kan ce ko allura ta ɓace mata ba ta faɗa a gabansa, don sai ta sha lacca kan yadda ake ajiye kaya.

Da aka ɗora littattafan a kwamfuta, sai aka kwashe akwatunan zuwa sito. Wata injiniya, sa'ar 'yarsa ta fari, ta zo gwada sabon shafin intanet na ɗakin karatun, a ga ko mutane za su iya amfani da shi ba tare da an nuna musu ba. Ta nemi ma'aikaci ɗaya, aka ba ta shi.

Aikin ba wuya. A wani ƙaramin ofis mai tebur ɗaya da fanka, ɗalibi zai zauna gaban kwamfuta, a ba shi takarda: nemo littafi kaza, buɗe babi na uku. Shi kuma Baba Kati yana kujerar baya da agogo da biro, yana rubuta inda aka danna da inda aka maƙale.

"Sharaɗi ɗaya ne, Baba," in ji injiniyar. "Kada ka ce uffan."

"Ko na ga mutum zai faɗa rami?"

"Ai ramin muke nema."

Mutum biyun farko ya daure. Ta uku wata ungozoma ce da ta dawo ƙaro karatu. Ta samo littafin, amma ta rasa ta inda za ta buɗe shi. Wurin dannawar yana can ƙasan shafi, ɗan hoton gajimare da kibiya, babu rubutu. Minti huɗu tana hawa tana sauka. Can ta cire tabarau ta ce, "Kai, ni dai kan nan nawa ya tsufa."

"Gajimaren nan, Hajiya, danna shi!" Bai san lokacin da maganar ta fito ba.

Aka soke gwajin. Bayan matar ta fita, injiniyar ta ce, "Baba, ka ɓata mana guda."

"'Yar nan, matar ta ɗauka laifinta ne fa."

Ta ce, "To rubuta wannan ma."

Daga ranar, murfin biro yake sawa a baki in an fara. Ya kuma ja layi a gefen takardar, yana rubuta abin da kowa ya faɗa game da kansa: "ban iya ba", "idona ne", "bari in kira ƙanena". Cikin mutum goma sha huɗu, tara a gajimaren suka tsaya, shida daga cikinsu suka zargi kansu. Babu wanda ya zargi shafin.

Injiniyar ta sa takardar tasa cikin rahotonta yadda take, da rubutun hannunsa. Aka cire gajimaren, aka rubuta "Buɗe littafi" da manyan baƙaƙe kusa da hoton bangon littafin. A zagaye na biyu, mafi jinkiri ya gama cikin minti ɗaya.

Bayan shekara biyu ya yi ritaya, ya koma kiwon kaji a bayan gida tare da ƙaninsa. Sau biyu aka sake fasalin shafin tun daga lokacin, wani kamfani daban ne ya yi, kuma ba a neme shi ba.