Mai Tulun Salamatou

Duk wanda ya zauna a layinmu na Sharafiyya a Jidda ya san Salamatou, 'yar Damagaram, matar da ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko gaisawa kuke yi, ƙafarta ɗaya tana kan hanya. Shekara ashirin da ɗoriya tana girki a gidan wasu Larabawa. A Jidda ta haifi 'yarta Hadiyya, a Jidda aka binne mijinta. Ni maƙwabciyarta ce, ƙofa da ƙofa, don haka ba labari aka ba ni ba.

Wata rana ta dawo daga aiki rungume da tukunyar shuka. Areej, 'yar gidan da take wa girki, ta saya don ado, ta gaji da ita, ta ce a zubar. Ban taɓa ganin irinta ba. A bakin kowane ganye wani ɗan tulu ne ke lilo, ja-ja, har da murfi. Ƙuda ya leƙa neman zaƙi, ya zame ciki, shi ke nan.

Na ce, "Maman Hadiyya, wannan ai mayya kika kwaso mana."

Ta ce, "Mayya ko ba mayya ba, rai gare ta." Ta sa mata suna Mai Tulu.

Tun ranar layinmu bai huta ba. Areej ta gaya mata shukar ba ta son taki, ba ta shan ruwan famfo, sai dai ruwan da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗigarwa. Sai ga dattijuwa tana bin bayan gidajen mutane da robobi, tana tarar ɗigon da kowa ke tsallakewa. Da safe ta kai tukunyar taga, da rana ta janye ta, da la'asar ta fesa mata ruwa tana ƙirga tuluna. Hadiyya kunya ta ishe ta. Tana jin Hausa sarai, amma Larabci ya fi zuwa mata baki. "Ummi, khalas! Aib ne, mutane suna kallo!" Har ta yi aure ta tare a unguwar Safa, maganarta ke nan.

Bana kafilin Salamatou, maigidan da ya tsaya mata take zaune a ƙasar, ya rasu, iyalinsa suka koma Riyad, iƙamarta, takardar izinin zama, kuma ba mai sabuntawa. Ta yanke shawarar komawa gida. Kayan ɗaki ta rabar da su a yini ɗaya ko a jikinta. Mai Tulu ce ta hana ta sukuni. An ce ba za a bar ta ta shiga jirgi da ita ba, ko an bari ma bushewar Damagaram za ta gama da ita.

Sai ta shiga gwajin mutane. Ta kai wa Mahadi mai shago, shi kuwa ya rataye ta a bakin ƙofa don ta kama masa ƙudajen dabino. Rana ta ƙone ganye biyu, ta je ta ƙwato abarta. Ta kai wa Aicha, wata maƙwabciyarmu. Aicha baiwar Allah ta ga baƙuwa a gidanta ba ta ci komai ba, ta yayyanka soyayyen nama ta cusa a tuluna. Uku suka ruɓe, suka yi wari. Ni ko tambayata ba ta yi ba, wai na cika mantuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ko da yake ba ƙarya ta yi ba.

Na ce, "To Hadiyya fa?"

Ta ce, "Wadda ke jin kunyata?" Ta tashi ta shiga goge tagar da ta riga ta goge. A nan na gane ba shukar kaɗai ke cin ranta ba. Tsoro take ji ta tafi 'yarta ta ce ta huta.

Ana jibi tafiya na raka ta Safa yin sallama. Tukunyar tana kan cinyarta a mota, don har lokacin ba ta da inda za ta bar ta. Hadiyya ta buɗe ƙofa, ta dubi shukar, ta ja hannun uwarta zuwa baranda. Jarkoki ne jere a jikin bango, cike, ɗaya tana ƙarƙashin bututun mukayyif tana karɓar ɗigo. A gefen inuwa an kafa ƙugiya.

Hadiyya ta ce, "Tun da kika ce za ki tafi nake tarawa. Namu bai isa ba, sai na bi jiran, maƙwabta, gida-gida. Yalla, Ummi, nuna min yadda ake fesawa."

Salamatou ta miƙa mata tukunyar, ta sulale ta zauna a ƙasa tsakanin jarkokin, ta ja mayafi ta rufe fuska. Mai motar da ya kawo mu ya yi ta danna hon a ƙasa. Na ce mu tashi, ta ce ya jira.