Makullin Turakar Malam

A shekarar da naira ta fito sabuwa aka kai ni Niyok, wankan jegon matar babban ɗana. Shi yana aikin ofis a can, suna zaune a Bronx, hawa na biyar. Na tafi da yaji, da daddawa, da makulli guda ɗaure a bakin zanina. Na turakar Malam ne, mijina. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, kuma tun ranar sadakar arba'in na kulle ɗakin. Buzunsa na nan, butarsa na nan, rigarsa a rataye inda ya bar ta. Duk Juma'a nakan buɗe in share, in sake kullewa.

Ina can sai ga wasiƙa daga gida. Ɗan ƙanin Malam zai yi aure bayan babbar Sallah, gida ya cika, babu inda za a sa amarya. Ɗakin suke roƙo. Ɗana ya karanta mini sau biyu. Na ce a ajiye takardar tukuna.

Da mai jego ta gama wanka, ɗana ya yi hayar wata doguwar mota mai ɗaki a cikinta, da gado, da murhu, har da makewayi. Wai zai nuna mana gidajen mutanen da, a bakin kogin Hudson.

Na ce, "Tukunya a nan, masai a nan, kuma ana gudu?"

"Inna, hau dai ki gani."

"Na gani ai. Kuɗi ne ya yi maka yawa."

Kwana uku muka yi. An nuna mini wata tsohuwar igwa, an nuna mini fili aka ce an yi yaƙi a wurin. Ciyawa na gani. Ni dai ina goye da jaririya, muna bin su.

Rana ta biyu ya ce za mu shiga gidan wani attajiri. Ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana, sai na zuba dambun nama a kwano na rufe. Gida ne na dutse, ginshiƙansa sun fi na masallacin garinmu kauri. A ƙofa na tuɓe takalmi na yi sallama. Shiru. Na sake. Sai ga wata tsohuwar Baturiya, da damin makullai a ƙugunta. Na durƙusa.

"Sannu da gida, uwargida. Mun same ku lafiya?"

Ɗana ya sunkuyo. "Inna, tashi. Ma'aikaciya ce. Ƙarfe biyar za ta tafi gidanta."

"To, a yi mana iso wurin masu gidan."

"Sun mutu."

"Duka? Allahu akbar. Ina magada?"

"Sun bar wa hukuma. Kallo ake zuwa."

Surukata ta karɓi kwanon a hankali, ta ɓoye cikin mayafi, tana danne dariya. Na yi kamar ban gani ba.

Muka bi matar ɗaki ɗaki. Kowace ƙofa an gitta mata jar igiya, sai dai ka tsaya ka leƙa. Ga teburin cin abinci an jera faranti da cokali, ba kowa. A ƙasa ga madafa, tukwane reras, babu mai baƙin gindi ko ɗaya. Daga ƙarshe ta kai mu ɗakin maigidan. Gado a gyare, tabarau a kan littafi, sanda a jingine, kwat a rataye.

Na ce a tambaye ta wa ke kwana a nan. Ta yi dariya, ta ce tun tana yarinya ba wanda ya kwanta. Na ce wa ke sharewa? Ta nuna ƙirjinta. Sau ɗaya a mako, in ji ta, kuma ba ta yarda a taɓa ko tsinke.

Na daɗe a bakin igiyar nan. Ɗakin na warin wurin da ya daɗe a rufe. Na san warin.

Da la'asar muka tsaya a wani fili da ake ajiye irin motocin, kusa da ruwa. Muka ci dambun da kanmu. Bayan na yi salla na kwance bakin zanina, ƙullin ya yi tauri sai da na sa haƙori.

Na ce, "Kana da biro?"

"Akwai, Inna."

"Rubuta. Buzu a kai masallaci. Riga a ba ƙanin Malam. Buta a bar ta a tsakar gida, kowa ya yi alwala. Ɗakin a yi masa sabon daɓe, akwai rami wajen ƙofa."

Ya dube ni. "Ko a bari sai kin koma?"

"Rubuta aka ce."

Wani abokin aikinsa da zai je hutu gida ya tafi da takardar da makullin.

Sai da na ƙara wata takwas a Niyok. Da na koma na tarar an shafe ɗakin da shuɗi, abin da Malam ba zai so ba. Labule sabo, hayaƙin turare na fitowa ta ƙasansa. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na yi sallama. Amarya ta amsa daga ciki, baki cike da tuwo.