Ɗan Tsakon da Ya Fito a Makare

A daminar da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, na ɗauki hutu daga makarantar da nake koyarwa a Kazaure na koma ƙauyenmu da ke gaban Gwiwa don in taya Inna jinya. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an yi shuka Baba yana gida ba sai a wannan shekarar. Kullum da hantsi mukan kama shi mu fito da shi ƙarƙashin rumfa, ya jingina da bango. Bakinsa ya karkace, magana tana yi masa nauyi, shi kuma ba ya son a ce masa ya maimaita, don haka ya rage yin ta.

Kazar Inna ta yi kwanci a bayan rumbu. Ranar da ta ƙyanƙyashe ta kwashi 'ya'yanta ta yi gaba, ta bar ƙwai guda. Inna ta ɗauka baragurbi ne, har ta nufi juji da shi sai ta ji ƙara a ciki. Ta kawo wa Baba ya kara a kunne, ya yi mini alama in taimaka wa ɗan tsakon da ke ciki ya fito. Na riƙa ɓantarar ɓawon kaɗan-kaɗan da farce.

Abin da ya fito abin tausayi ne. Jiƙe yake sharkaf, ido ɗaya a manne, cibiyarsa ba ta rufe ba, ƙafafunsa kuma sun baje, ɗaya gabas ɗaya yamma. Da na ajiye shi kusa da uwar, ta dube shi ta kai masa sara. Inna ta ce irin wannan ba ya kwana, kada in wahalar da kaina.

Baba ya miƙo hannunsa na hagu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata," ya ce da ƙyar, "kawo shi nan."

Na shimfiɗa tsumma a ƙoƙo na sa shi, na zuba ruwan ɗumi a kwalba na naɗe na jingina masa. Baba ne ya nuna mini yadda zan ɗaure ƙafafun da zare mai laushi, in bar ɗan tsakani don su haɗu ba tare da sun matse ba. Na goge idon da auduga har ya buɗe. Bai iya sha da kansa ba, sai in tsoma yatsa a ruwan sukari in ɗiga masa a gefen baki. Daga baya na jiƙa tsakin gero ya yi laushi, ina ƙwanƙwasa ƙoƙon da farce kamar yadda kaza ke kiran 'ya'yanta.

Ni ina da wanki da girki da juya Baba, don haka tsaro ya koma hannunsa. Ƙoƙon yana kan cinyarsa wuni guda. In kwalbar ta huce ya kira ni, in kashi ya bushe ya toshe bayan ɗan tsakon ya kira ni in wanke. In hadari ya taso kuwa, cikin rigarsa yake cusa shi. A haka muka riƙa jin muryarsa a gidan, ko da rabin maganar ba ta fita daidai.

Wata safiya na kwance zaren, ɗan tsakon ya miƙe yana rawar jiki, ya taka tabarma har ya kai ga gwiwar Baba, ya tsinci tsaki da kansa. Inna ta tsaya da muciya a hannu tana kallo, ta ce ikon Allah ya fi gaban mamaki.

Ɗan tsakon bai daɗe a haka ba. Aka yi kwanaki ana ruwa ba rana, sai ya fara farin zawo, ya saki fukafukai, ya ƙi ci. Ƙanen Baba ya sayo magani a kasuwar Gwiwa muka sa masa a ruwa, amma abin ya riga ya ci ƙarfinsa. Bayan la'asar ya mutu a tafin hannun Baba.

Na zo zan karɓa, ya ƙi saki na ɗan lokaci. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, mun yi iya ƙoƙarinmu."

"Ya ci, ya sha, ya taka ƙasa," in ji shi. "Kwanansa ke nan. A binne shi, kada a yar."

Na haƙa rami a gindin zogale na rufe shi. Da na dawo na tarar Baba ya juya fuska ga bango, Inna tana zaune kusa da ƙafafunsa. Na ɗebo ruwa a buta na taimaka masa ya yi alwala, don magariba ta kawo kai.

Hutuna ya ƙare kafin gero ya fitar da kai. Baba ya ga kakar wannan shekarar, an kawo masa damin farko har rumfa ya shafa da hannunsa. Bai kai wata daminar ba.