Bindigar da Yaya Isufu Ya Ce a Fitar Daga Ɗaki

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Isufu makwancinsa a nan Arlit. Tari ne ya yi ajalinsa, irin tarin nan da ya kwashe da yawa daga cikin waɗanda suka yi aikin kamfanin haƙar ma'adinin yuraniyom tare da shi. Ni ban taɓa shiga ramin ba, mota na tuƙa tsakanin Agadas da Arlit har ƙarfina ya ƙare. Wataƙila shi ya sa nake nan har yau ina damun mutane da labarinsa.

Mu maƙeran Tawa ne. Kakanmu ya gyara bindigogin zamanin Turawa, kuma Yaya ne ya gaji idonsa, ni kuwa surutu kawai na gada. Da rana yana haɗa ƙarafa a kamfani, da la'asar ya zauna ƙofar gida mutane suna kawo masa tsofaffin bindigogi ya duba. A lokacin Turawan kamfani na son sayen su don ado, sai wasu maƙeran gari suka shiga ƙera na jabu. Su samo bututu cikin tarkacen ƙarafan da ke fitowa daga kamfani, su yi masa gindin katako, su binne shi cikin ƙasa da gishiri har ya yi tsatsa, su ce gadon kakanni ne.

Yaya ba ya gaggawa. Zai ɗaga bindiga ya saita bakinta ga rana ya leƙa. Ta soja ta gaske tana da zane a ciki mai murɗewa, bututun kamfani kuwa sumul yake. Zai shafa gindin, domin inda hannun mutum ya daɗe yana riƙewa yakan lotsa ya yi baƙi, kuma ba a yin wannan da mai da toka. Tsatsar gishiri ja ce, ko'ina iri ɗaya. Har sansana katakon yake yi, ina yi masa tsiya cewa saura ya lasa. Sai ya ci gaba da aikinsa.

Babban amininsa Alhusaini ne, Ba'abzine mai kiwon raƙuma da fari ya koro cikin gari. Kullum tare suke shan shayi. Alhusaini yana da bindigar kakansa, wadda aka ce da ita ya yi yaƙi da Turawa, kuma ita kaɗai ta rage masa bayan dabbobi sun ƙare. Shekaru kafin ya san Yaya, ya taɓa barinta wurin wani maƙeri a gyara masa. Tun da ya karɓo ta take rataye a ɗakin da jikokinsa ke kwana, ba mai taɓa ta.

Wata rana ya kawo ta Yaya ya sa mata mai. Ina zaune a wurin. Yaya ya leƙa bakin, ya daɗe bai sauke ba, na ga fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Aboki, gindin ga na kakanka ne, amma wanga ƙarhe ba nashi ba ne. An musanya maka. Bututun kamfani ne, na wurin da aka wanke ƙasar rami. Na san shi, na yi aikinai da hannuna."

Alhusaini ya ce da Hausarsa ta Ba'abzine, "Bindiga na kakana ne, Isufu."

Yaya ya ce, "To, kar ka yarda da ni. Amma don Allah ka hidda ta daga ɗakin ɗiyan nan. Irin ƙarhen ga yana da guba, ba a kwana kusa da shi."

Alhusaini ya naɗe bindigarsa cikin mayafi, ya bar shayinsa bai shanye ba. Bai sake zama a ƙofar gidanmu ba. Na daɗe ina jin haushinsa, sai da na tsufa na gane abin da aka nemi ya haɗiye. In ya fitar da ita, ya yarda ke nan ƙarfen bindigar kakansa yana bangon wani Bature a can ƙasarsu, shi kuma ya yi shekaru yana nuna wa baƙi bututun ruwa. Yaya ya aika masa mutane, ya je da kansa, ba ta sake zani ba. Yana kwance yana tari ma ya tambaye ni ko an fitar. Na ce ba a fitar ba. Ranar jana'iza Alhusaini ya zo, ya tsaya a sahun baya, ana gamawa ya tafi.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga Arlit ta yau. Turawan sun tafi, masu ƙera jabu sun koma yin murhu da ƙofofi, wasu da irin wannan ƙarfen. Ba mai neman tsohuwar bindiga. Sababbi ne suka yi yawa a hanyar Assamakka ta bakin iyaka, kuma waɗannan ba a tambayar asalinsu. Sana'ar idonsa ta mutu tare da shi, ko 'ya'yansa ba wanda ya koya. Wannan yana ci mini rai.

Alhusaini ma ya rasu. Watan jiya na je gidan barka, jikansa Musa ya sami ƙaruwa. Ina shiga ɗaki na ga bindigar a bango, saman shimfiɗar yara. Na gaya masa abin da Yaya ya faɗa, kalma da kalma. Ya saurare ni da ladabi, ya zuba mini shayi.

Ya ce, "Baba, Kaka ya ce mini wata rana ɗayanku zai zo da wannan magana. Ya ce kar in yi gardama, kar kuma in sauke ta."

Matarsa mai jego tana bayan labule tana jin mu. Na yi musu sallama na fito.

Bayan 'yan kwanaki na bi ta ƙofar gidan, na leƙa in gaishe su. Na tarar matar Musa ta kwashe tabarmi da barguna, ta yi wa yaran shimfiɗa a rumfar tsakar gida, ta kare su da buhuna saboda sanyi. Ba ta isa ta taɓa gadon mijinta ba, sai ta ɗauke 'ya'yanta.

Abin da ya rage na Yaya Isufu ke nan, in an auna. Bai bar almajiran sana'a ba, bai shirya da amininsa ba, kuma bai yi nasara ba. Gaskiyar da ta raba shi da Alhusaini sai shekara goma sha ɗaya bayan rasuwarsa ta sami mai jin ta, yarinyar da ba ta taɓa ganinsa ba. Allah Ya jiƙansa. Bindigar tana cikin ɗaki ita kaɗai, jariri kuma yana kwana a waje cikin sanyi.