Abin da Ba Ya Cikin Larabcin

A Jidda aka haife ni, a unguwar Mahjar, kuma Larabci ya riga Hausa zama a bakina. Na faɗi wannan ne don a san abin da nake taƙama da shi a lokacin. Mijina kuwa daga Najeriya ya zo aikin hajji, ya ga wuri ya zauna. Tela ne, kekensa a ƙofar ɗakinmu, kuma ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Ni ina da tawa ta wajen babana. Duk gidan hayar an san wanda yake da takarda da wanda ba shi da ita, ba mai ɗaga maganar.

Azumin shekarar da nake da cikin fari, wani dattijo daga cikin Hausawan Sudan yake yin tafsiri bayan la'asar a tsakar gidanmu. Maza a gaba, mu mata a bayan labulen buhu. Ni dai ban taɓa sakin jiki da shi ba. Ɗansa yana dafa shayi a ofishin masu duba takardu, wannan ɗaya. Na biyu, surukansa sun sauka daga jirgin ruwa wata guda ke nan, suna ta neman ɗaki ba su samu ba.

Ana cikin goman ƙarshe ya kai labarin Bani Isra'ila: yadda aka gaya musu tun da wuri cewa za su yi ɓarna a ƙasa, za a turo musu mayaƙa masu ƙarfi su bi su gida-gida, da yadda sarkin Babila ya zo ya rushe birninsu ya kwashe su zuwa ƙasar da ba tasu ba. Mai jan baƙi ya karanta Larabcin, malam ya fassara. A nan kunnena ya tsaya.

"Da hantsi suka zo," in ji malam, "kwana uku bayan salla. Ta bakin titi suka fara. Wanda ya fita bayan gari tun kafin ranar, shi ya tsira."

Na zunguri matar da ke kusa da ni na ce, "Ina aka ce kwana uku bayan salla? Ni ban ji ba." Ta ce in yi shiru.

Washegari bai wuce wurin ba. Ya sa aka sake jawo baƙin, ya sake kawo hantsinsa da kwana ukunsa. Rana ta uku ma haka, har mai jan baƙin ya ɗago ya dube shi. Wannan karon ya ƙara da cewa, "An gaya musu, jama'a. Ba a ɗauke su ba sai da aka gaya musu." Ta ɓular buhu na ga idonsa yana kan mijina.

Ni ba sakarya ba ce, na gane da mu yake. Abin da na tsaya a kai shi ne, me zai samu? Lissafina ya fita tas: ya tsorata marasa takarda su watse, ɗakuna su zama babu kowa, surukansa su shige. Har na ji haushin yadda ya raina mu, wai ya ɗauki labarin mutanen da suka saɓa wa Ubangiji ya yafa wa talakawan da ba su ci na kowa ba.

Ana gobe salla mijina ya naɗe tabarma da riguna biyu. Ya ce maza huɗu za su tafi Khumra, can wajen rumbunan ajiyar kaya, su yi mako guda, shi ma zai bi su.

Na ce, "Maigida, kai ma ka yarda da wannan tsohon?"

Ya ce, "Malam ne fa. Daga littafi yake faɗa."

Na ce, "Wallahi ba ya cikin Larabcin. Ba hantsi, ba kwana uku, ba bakin titi. Shi ya ƙara abinsa. Ɗakinka yake so, shi ke nan."

Larabcinsa bai wuce na cinikin zare da allura ba, kullum ni nake yi masa tafinta. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Gaskiya na faɗa kuwa, ba ya ciki. Ya warware tabarmar ya mayar da ita ƙarƙashin keke.

Da hantsi suka zo, kwana uku bayan salla. Ta bakin titi suka fara. Ina wanke kofunan shayi na ji ana "yalla, yalla" a gidan maƙwabta, kafin in miƙe masu duba takardu sun shigo namu. Ɗakunan mutum huɗun nan a kulle suke. Mijina yana kan keke da rigar wani a hannu. Aka ce, "Iƙama," ya dube ni kamar wannan ma ni zan fassara.

Da suka hau da shi babbar mota na bi su da gudu da cikina. Na zaci zai ce wani abu a kan abin da na sa shi. Sai ya ce, "Ki rufe keken, kada ya yi tsatsa."

Surukan malam sun samu ɗaki a ƙarshe, na wani da aka kwashe a gidan gaba. Shekaru na riƙe wannan ina juya shi, ina cewa ai ga shi, ban yi ƙarya ba. Ko gaisuwa ban ƙara yi wa tsohon ba har ya rasu, shi ma bai taɓa ce min komai ba.

Mutum huɗun sun dawo daga Khumra bayan mako guda, biyu a cikinsu a Jidda suka tsufa. 'Yata kuwa a hoto ta san ubanta. Ranar da ta tambaye ni me ya hana shi bin su, na ce mata ni ce, na fi shi jin Larabci.